Kwarmin Ƙofar Mma Memuna

Ku da kuke ganin gyaran tsofaffin gine-gine wasa ne, ku matso ku ji. Ranar sunan nan a Thamesmead, nan cikin London, ɗayanku ya miƙo mini waya, ya nuna mini wani Bature yana cusa ƙasa tsakanin bulo da bulo, kiɗa na tashi, kafin in gama tauna naman da ke bakina bango ya zama sabo. Ya ce, "Baba Sabo, so this is all you do?" Na ƙyale shi saboda akwai baƙi. Yau babu baƙi.

Aikina shi ne gyaran gidajen sadaka, waɗanda a nan ake kira almshouse. Kuna wuce su a bas ba ku sani ba. Wani attajiri ne zai tsufa shekaru ɗaruruwa da suka wuce, tsoron lahira ya kama shi, sai ya gina jerin ƙananan ɗakuna kewaye da tsakar gida, ya sa ɗan coci a tsakiya, ya ce tsofaffin da ba su da kowa su zauna a ciki har abada. Waƙafi ne dai, irin nasu. Jan bulo, dogayen bututun hayaƙi da suka fi ɗakunan girma, ƙofofi gajeru da sai ka sunkuya, ga gunkin mai gidan a saman zaure tattabaru sun yi masa farar hula. Attajirin ya mutu, jikokinsa sun ƙare, amma har yau tsofaffi na ciki suna dafa shayi. Hukuma kuma ta sa gidajen cikin kayan tarihi, ba a taɓa ko ƙusa sai da izinin ƙaramar hukuma, wato council.

Ni ɗan magini ne daga Zariya. Na taso cikin tubali da ramno da makuba, na zo ƙasar nan na zama lebura a wurin da ake zuba siminti. Wani tsohon magini ɗan Ireland mai suna Fergus shi ya ɗauke ni, ba don ya ga wata baiwa a hannuna ba. Ya ji an ce ba na shan giya, ya lissafa cewa ran Litinin zan zo aiki da ƙafafuna. Ranar farko ya karɓe ma'aunin ruwan da na saya da kuɗina, wanda ake duba miƙewar gini da shi, ya jefa shi bayan mota ya kulle. Ya ce, "A gidan nan babu layi ko ɗaya da ya miƙe. In ka miƙar da wani abu, ka ɓata shi."

Aikina na farko a hannunsa wata katangar lambu ce da ta karkace tana neman faɗuwa. Muka sauke ta bulo ɗaya-ɗaya, kowane na rubuta masa lamba da alli, muka gyara harsashi, sannan muka mayar da ita a karkace yadda muka same ta. Na ba mahaifina labari a waya. Ya ce, "Sabo, in dai ba ka iya ba ne ka faɗa mini gaskiya, ni ubanka ne."

Siminti haramun ne a wannan aiki. Tsohon bulo yana shan ruwa yana fitarwa, in ka toshe shi da siminti sai ya ruɓe ta ciki, fuskarsa ta ɓare. Farar ƙasa muke kwaɓawa da yashi, wadda suke ce wa lime, a ajiye ta a rufe ta daɗe tana nuna kafin ta yi aiki. In yaɓe ne a zuba mata gashin akuya, yadda muke zuba ramno a gida. Na shafe lokacin sanyi guda ina tankaɗe yashi da tsefe gashin akuya, ban taɓa cokalin gini ba. Da Fergus ya yarda na fara, wani siririn ƙarfe ya ba ni da bai fi yatsa faɗi ba, da shi ake cusa ƙasar a tsakanin bulo. Bayan nan sai jira. Ka taɓa da yatsa, in ta yi laushi ba ta kai ba, in ta yi tauri ka makara. A tsakani akwai ɗan lokacin da za ka daddake ta da buroshi, kuma lokacin ba ya tambayarka ko kana cin abinci. Wannan jiran ne ba a nuna muku a waya.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda sanyi ya sauko da wuri. Farar ƙasa ɗanya ba ta shiri da ƙanƙara. Mun gama bangon gaba na wani gida kaf, sai aka ce dare zai daskare. Muka lulluɓe bangon da buhunan algarara, muka ƙara da barguna, muka kunna masa hita. A daidai makon tukunyar ɗumama ɗakunan gidan ta mutu, masu gyara suka soke zuwa har sau biyu. Tsofaffin mata suna leƙowa ta taga cikin rigunan sanyi, suna kallon bango yana shan ɗumi. Da safe muka tarar babu bargo ko ɗaya, duk wadda muka tambaya kuma ta ce ba ta ga komai ba, alhali ga gefen bargon yana leƙowa a kafaɗarta. Ban ga laifinsu ba. Ƙasar ta zube kamar garin kwaki, muka sake aikin daga farko da bazara, kuma shekarar ba mu tsira da komai ba sai ciwon baya.

Amma aikin da nake so ku ji na wani dutse ne guda, a dokin ƙofar wata tsohuwa, a wani gidan sadaka da ke kudancin kogin da ya ratsa London.

Sunanta Mma Memuna, 'yar zangon Kumasi ce. Ta yi rayuwarta tana sharar ofisoshi a Marylebone, mijinta ya rasu, babu ɗa a kusa, sai masu kula da gidan suka ba ta ɗaki. Attajirin da ya gina wurin bai taɓa mafarkin za a yi sallar asuba a ɗakinsa ba, amma sharaɗinsa gwauruwa matalauciya mai halin kirki, kuma Mma ta cika duka, in aka ɗan yi haƙuri da bakinta. Ita kaɗai ce a gidan nake gaisawa da ita da Hausa. In ta yi tuwo da miyar ayoyo sai ta leƙo ta kira ni daga kan sikafol, ƙarafan nan da muke hawa mu yi aiki, ta zuba mini, ta zauna tana kushe aikina har in gama ci.

Dutsen ƙofarta fari ne mai kauri, kuma ƙafafun matan da suka zauna ɗakin tun farko sun cinye tsakiyarsa, ya yi kwarmi kamar akushi. In an yi ruwa sai ya taru a ciki. Wata safiya ruwan ya daskare, Mma ta taka, ta faɗi ta karya ƙugu. Aka yi mata aiki a asibiti, aka ba ta ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da tsofaffi ke turawa suna tafiya.

Asibiti suka turo ma'aikaciyarsu ta duba ɗakin kafin a sallame ta. Bahaushiya ce haihuwar nan, Nana sunanta, irinku ce, in yi mata Hausa ta ba ni amsa da Turanci. Ta ɗora ƙarfen a kan dutsen, ƙafa biyu suka faɗa kwarmi, biyu suka tsaya a sama suna lilo. Ta ce muddin dutsen nan yana haka Mma ba za ta dawo ba. In kuma ba ta dawo ba, gidan kula da tsofaffi za a kai ta can bayan gari, inda babu wanda ya san ta, ɗakin a ba ta gaba a layi. Masu kula da gidan sun ce za su riƙe mata ɗakin zuwa wani ɗan lokaci, ba har abada ba.

Na je duba ta a asibiti. Ta rame, amma bakin yana nan. Da Hausarta ta zango, wadda ba ruwanta da raba mace da namiji, ta ce, "Malam Sabo, wannan yarinya ya ce ba zan koma ɗaki na ba. Kai ba mason ba ne? Dutse ɗaya ya gagare ka?"

Na ce, "Mma, ki kwantar da hankalinki, aikin yini ɗaya ne."

Da gaske nake lokacin da na faɗa, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Jami'ar council mai kula da kayan tarihi ita ce Madam Harriet, doguwa ce mai zuwa a keke. Kada ku ɗauka muguwa ce. Ta san bulo fiye da yawancin maginan da na sani, kuma ta hana a rushe gidaje da yawa da tsofaffi ke ciki yau. Ciwonta ɗaya, in ta ga tsohon abu hankalinta yakan bar kan mutane. Na ce mata a canja dutsen, ta ce a'a. Na ce a cike kwarmin da farar ƙasa da garin dutse, ta dafe ƙirji. Na ce a ɗora katako mai gangara, sai mai kula da gobara ya ce hanyar gaban ɗakunan siririya ce, sauran tsofaffin za su yi tuntuɓe da shi. Na ce a faɗaɗa hanyar, aka ce ita ma tarihi ce.

Madam Harriet ta tsuguna ta shafa cikin kwarmin da tafin hannu. Ta ce, "Sabo, dutsen ba wani abu ba ne, akwai irinsa ko'ina. Wannan ramin shi ne dukiyar."

Na koma mota na ce wa Fergus, "Ka ji fa. Wurin da babu dutse shi doka take karewa."

Ya ce ai haka ne, shi ma ya daɗe da sani, in ci burodina.

Fergus ne ya kawo mafita, kuma dabara ce tsohuwa a wurin magina: a ɗaga dutsen a kifa shi. Fuskar ƙasa ta dawo sama a shimfiɗe, kwarmin ya koma ƙasa ya kwanta lafiya babu mai taka shi. Dutse bai bar wurinsa ba, rami bai ɓace ba, tsohuwa ta samu hanya. Madam Harriet ta yi ta juya maganar, ta kai wa manyanta, daga ƙarshe aka yarda. Na yi wa Mma waya na ce ta fara haɗa kayanta.

Ranar aikin kowa ya fito. Tsofaffin gidan suka jera kujeru a tsakar gida da kofunan shayi. Muka sare tsohuwar ƙasar da ke riƙe da dutsen a hankali da cizal, muka zura dogayen ƙarafa ta ƙasa, muka sa katako don kada gefe ya ɓantare. Ya motsa. Muka tayar da shi tsaye, muka kwantar da shi a kan buhu ta ɗaya fuskar, na ɗauki buroshi na share ƙasar da ta manne.

Kwarmi ne a wurin, kuma ya fi na saman zurfi.

Wani magini ya riga mu, tun zamanin da ba a haifi kakan Fergus ba. Shi ma an kira shi saboda wata tsohuwa ta zame, shi ma ya ji kansa mai dabara, har ya bar mana karyayyen lofensa na shan taba, na yumɓu, a cikin ramin. Fergus ya cire hula ya tsaya yana zagin mutumin da ya daɗe da zama ƙasa, zagi mai tsawo, har da danginsa. Ni dariya ce ta zo mini, sai na tuna na ce wa Mma ta haɗa kaya, dariyar ta koma.

Madam Harriet kuwa idanunta suka cika da ƙwalla don murna. Ta ce kada kowa ya taɓa komai. Aka kewaye wurin da igiya. Masana suka yi ta zuwa da kyamarori, wani ya kwanta rub da ciki yana auna zurfin ramin, wata ta ɗauke lofen da safar hannu kamar jariri. Ƙofar Mma, wadda a da ke da dutse mai kwarmi, yanzu ba ta da dutse ko kaɗan, sai rami da zai haɗiye ƙafa har ƙauri. Magatakardan gidan ya fara zuwa yana tsayawa a bayana yana gyaran murya. Wata mata ma da ke jiran ɗaki ta zo da 'yarta suna leƙa taga, suna shawarar inda za a sa gado. Abin ya tsaya mini a rai, na daina ɗaukar wayar Mma saboda ba ni da abin faɗa mata.

Abin da ya cece mu ba wayona ba ne. Dutsen ne ya yi daraja har ya fi ƙarfin a taka shi. Masanan suka zauna suka ga cewa duk fuskar da aka kwantar, an ɓoye rami ɗaya, kuma ɓoye ko ɗaya asara ce. Saboda haka aka yanke a kai shi cikin ɗan cocin a tsayar da shi, mutane su riƙa zagayawa suna kallon ciki da baya. Ƙofa kuma ba za ta zauna babu dutse ba, dole a sa sabo. Abin da na roƙa tun ranar farko aka ce a'a, shi aka dawo aka umarce ni in yi.

Muka samo dutse irinsa, na sassaƙa shi ya yi sumul. Fergus ya sa na gyara fuskar ƙasan ma, wadda babu mai gani, ya ce kada wani ya zo ya zage mu a kabari. Sai dai akwai sharaɗi. Sabon dutse fari ne tas, ga na maƙwabta duk sun yi duhu sun yi gansakuka, Madam Harriet ta ce ba za ta amince da aikin ba sai ya saje da 'yan'uwansa. Wato a tsufar da shi.

Wannan ma akwai yadda ake yi, kuma ba za ku gani a waya ba. Nono ake samowa mai tsami, a dama da kunkunniyar bututun hayaƙi, da ruwan shayi mai kauri, da ɗanyen kashin shanu, a shafe dutsen a bar shi, gansakuka ta samu abinci ta fito. Nonon na saya a Lewisham. Kashin shanun sai da na je wata gonar da ake kai yaran makaranta kallon dabbobi, motar Fergus kuma tana gareji, don haka a bas na dawo da bokitin. Ban taɓa samun wurin zama mai faɗi a London irin na ranar ba. Na bar Zariya don in huta da kwaɓa kashin shanu, ga ni a ƙasar Turawa ina dama shi da izinin hukuma.

Muka shafa, ya yi kyau ƙwarai. Wari kuwa ba a magana, ga ƙudaje sun samu labari.

Ranar da aka kawo Mma, mutum biyu ne za su yanke hukunci. Nana tana so ta ga Mma ta haye dutsen da kanta ta shiga ɗaki, in ba ta gani da idonta ba motar asibiti za ta koma da ita. Madam Harriet tana so ta ga launin dutsen. Aka sauko da Mma, ta turo ƙarfenta a hankali ta tsakar gida, maƙwabta na yi mata sannu. Ta iso bakin ƙofa ta tsaya. Ta ja numfashi ta hanci.

"Malam Sabo, mene ne wannan?"

"Magani ne na dutse, Mma. Ki shiga kawai."

"Na ce mene ne."

Na rage murya na faɗa mata. Na ƙara da cewa kashin saniya ba najasa ba ne, ta tambayi kowane malami, kuma a ƙauye da shi ake yaɓe rumbu.

Ta ce, "Ɗaki na rumbu ne? Ni na wanke toilet na mutane har baya na ya lanƙwashe, yau in taka kashi in shiga wurin da nake sallah? Ba zan taka ba."

Nana ta duba agogo ta ce, "Baba, she has to cross it. I can't pass her otherwise." Direban motar bai ma kashe inji ba. Na ce wa Mma ta dubi girman Allah, taku ɗaya ne, gobe da kaina zan san abin yi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa maƙwabciyarta ta kawo ruwan zafi da sabulu da buroshi. In an wanke, Madam Harriet ta ƙi aikin, a ɗaga dutse. In ba a wanke ba, Mma ta koma mota. Ni kuma ga ni a tsakiya.

Aka kawo bokiti. Mma ta karɓi buroshin, ta yunƙura za ta sunkuya, ƙugun ya ƙi. Ta sake gwadawa, fuskarta ta yamutse don zafi, Nana ta riƙe ta. Sai Mma ta ɗago ta duba mutanen da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake ni, ta tsallake Fergus, ta miƙa wa Madam Harriet buroshin. Ba ta san ko wace ce ba, ta dai ga mace mai lafiyar gwiwa.

Da Turancinta ta ce mata, "'Yata, taimaka mini."

Madam Harriet ta kalli buroshin, ta kalli dutsen, ta kalli tsohuwar da ke dafe da ƙarfe. Ta cire hular kekenta ta ba Fergus ya riƙe, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa. Ta goge nonon da kunkunniyar da kashin shanun da ita da kanta ta sa a shafa, Mma na tsaye a kanta tana nuna mata kusurwar da ta bari. Da dutsen ya fito fari tas, Madam Harriet ta miƙe, gwiwoyinta sun jiƙe sharkaf, ta ce mini a hankali, ba ta kalle ni ba, sanyin London zai yi masa abin da nonon zai yi, sai dai a jira.

Mma ta yi bisimilla, ta ɗora ƙarfen. Ƙafafunsa huɗu suka zauna daram. Ta taka da dama, ta jawo hagu, ta sunkuyar da kai ta shige ɗakinta. Nana ta ɗaga wa direba hannu ya tafi.

Na ɗauko jakar kayanta zan shigar mata. Na ɗaga ƙafa ke nan, ta juyo daga bakin gado inda ta zauna tana haki.

Ta ce, "Malam Sabo, cire wannan takalmi kafin ka taka dutse na."